Randa Ba Ta Haihuwar Ruwa

Kakata ba ta taɓa yi wa Baba magana baki da baki ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, "wancan" take ce masa. In tana da saƙo gare shi, ta kanmu take bi da shi, mu jikoki, a bakin murhunta bayan tuwon magariba. Ina son wurin nan har yau.

A lokacin muna Tsarnawa, Baba na tuƙa motar hayar wani Alhaji zuwa Ƙonni. Sai motar ta tsiro da hali: fitilu su dushe a hanya, in an kashe ta kuma ba ta tashi sai da turi. Sau biyu Baba ya sa aka canja batiri, sau biyu sabon ya mutu kafin kasuwa ta zagayo. Alhaji ya ce in ta ƙara, zai karɓi makulli ya ba wani. Ranar kowa a gida ya sha faɗa, har Inna, wai hatsi ba ya daɗewa a hannunta. Sannan Baba ya zauna nesa da wuta yana gyaran takalmin da bai lalace ba.

"Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri," in ji Kaka. Tatsuniya take nufi. Muka ce ta shigo.

Wai an yi wani mutum mai saurin fushi da ke ɗebo ruwa a salka daga rijiya mai nisa. Kullum ya juye a randa, kafin hantsi ta ƙafe. Ya ce randa ɓarauniya ce, ya fasa ta. Ya sayo wata, ita ma ya fasa. Da ya koma karo na uku, tsohuwa maginiya ta ba shi wata randar, amma ta hana shi fasawa. Ta ce ya ari tulun maƙwabta ya cika randar har baki, ya rufe ta kwana. In ta ragu, laifinta ne. In ba ta ragu ba, ya dubi mai kawowa. Da safe randa cike fal. Mutumin ya bi hanyar rijiya, sai ga ciyawa kore shar ta yi layi har ƙofar gidansa. Ashe salka ce ke yoyo.

"Randa ba ta haihuwar ruwa," in ji Kaka, da ƙarfin da ya fi kunnuwanmu. "Abin da anka ba ta, shi taka riƙewa. Nan ta tsaya, wanda ya ji nashi na."

Washegari Baba ya kai batirin garaji aka cika shi, ya ajiye shi ya kwana ba a haɗa da mota ba. Da safe ƙarfinsa na nan. Sai ya koma kan dinamo, abin da ke cika batiri in inji na juyawa. Igiyar robar da ke juya shi, wadda makanikai ke kira kurwa da Faransanci, ita ce ta saki tana sulɓewa.

Ya shigo gida yana gaya wa Inna, shi ma da ƙarfi: "Kurwa ta, ta saki!"

Kaka ta saki salati. "Yanzu mayu har mota suka kamawa?"

Baba ya yi dariya har ya dafa bango. Makulli kuwa ya zauna a aljihunsa har tsufa.

Na daɗe ina alfahari cewa kakata da ba ta taɓa shiga mota ba ta gyara mota da tatsuniya. Bayan rasuwarta, ni ma da 'ya'yana, na faɗa wa Inna haka. Ta dube ni tana murmushi.

"Wace mota? Ita ina ta san dinamo? Ni ce randar."

Na tambaye ta ko Baba ya gane.

"Ya gane sarai. Ranar da ya tsira da makulli buhun gero ya sauke mani. Kuma har ya koma ga Allah bai ƙara tambayata ina hatsi ya tahi ba."