Katin Da Ban Kankare Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba. Amma ranar da na tsaya a ƙofar wani kafen intanet a Runjin Sambo da katin ƙawata a hannu, na juya ban shiga ba, wannan kam da ita za a binne ni.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Kiristoci ne, iyayenta daga Filato suka zo. Mahaifinta lissafi yake koyarwa a wata sakandare, kowa a layinmu Malam yake ce masa. Ita kuwa a Sakkwato aka haife ta, Sakkwatancinta ma ya fi nawa kauri, har Innata kan tsokane mu wai ita ce 'yar gida, ni ce baƙuwa. Da Sallah a gidanmu take wuni, da Kirsimeti ni ke fara buɗe tukunyar Mamansu. Ban da wata ƙawa bayan ita, kuma ban nema ba. Ina da wani mugun hali tun ina yarinya: abin da na ce nawa ne, to nawa ne.

Da muka zo cike fom ɗin jarrabawar shiga jami'a, mu duka jami'ar garinmu muka zaɓa. Sakamako ya fito, ta fi ni maki nesa ba kusa ba. Harhaɗa magunguna take so ta karanta, tun muna firamare take faɗa. Sai Malam ya zaunar da ita ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansu, ina gefe ina ji. Ya ce a nan masu neman wannan fanni sun yi yawa, kuma 'ya'yan yankin ake fara dubawa. Ita kuwa takardar asalinta Filato ta ce, ko da yake sau biyu kacal ta taɓa zuwa can. A jami'ar can gida makinta ya isa har ya yi saura. Ga shi kuma baɗi zai yi ritaya su koma. Shawararsa ita ce ta canza jami'a tun ba a rufe ba.

Ta yi sati biyu tana juya maganar. Nan ta san kowa, can ba ta san ko hanyar kasuwa ba. Nan akwai ni, can akwai karatun da take so. Ranar da ta ce mini ta yanke, can za ta, na ce Allah ya sa alheri. Bakina ne kawai ya faɗa.

A lokacin, kati ake saya a kankare a shigar da lambarsa a kafe, shi ke nan an canza. Ana gobe za a rufe, zazzaɓi ya kayar da ita. Mamansu ta leƙo ta katanga ta kira ni. Na same ta kwance tana rawar sanyi. Ta miƙo mini katin da wata 'yar takarda mai lambarta da sunan jami'ar, da rubutun Malam.

"Ƙawa, tahi ki canza min," in ji ta. "Ke kaɗai nika iya ba wanga abu."

Na je. Na tsaya a ƙofa, janareto na ta ƙara, ɗalibai sun yi layi. Sai zuciya ta fara yi mini lissafi: da wannan makin nata, ai ko a nan sai sun ɗauke ta. Za mu riƙa hawa Keke Napep ɗaya kowace safiya. Wa na cuta? Na cusa katin cikin jaka, na zagaya ta wani layi don lokaci ya ɗan ja, na koma.

"An yi?" ta tambaye ni.

"Awo, an gama."

Mamansu ta dafa kaina ta sa mini albarka. Ban ji komai ba a lokacin, wallahi. Daɗi ma na ji.

Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, nawa yana ciki, nata babu. Aka jira na biyu, babu. Malam ya hau mota har Filato ya bincika, aka duba aka ce masa wannan yarinya ba ta taɓa neman jami'arsu ba. Ranar da ya dawo, muna tsakar gida muka ji muryarsa ta katanga. Tun da nake ban taɓa jin Malam ya ɗaga murya ba. Inna ta ajiye tsintsiya tana salati.

Bayan la'asar ƙawata ta shigo ɗakinmu ta tura ƙofa. Idonta ya kumbura.

"Ba ni katin."

Na ɗauko. Ta juya bayansa, ta ga wurin kankarewa yana nan yana ƙyalli kamar yadda aka sayo shi. Ta daɗe tana kallo.

"Don mi?"

"Ban so ki tahi," na ce, ina kuka.

"Da baki kinka hwaɗa min, ƙila da na zamna da kaina." Ta mayar mini da katin a tafin hannu. "Riƙe abinki. Na ce ma Baba ni na hana ki zuwa. In ya ji gaskiya, ba ƙauna zai kira ta ba, mutanen layi ma wani suna za su ba ta, su ce don addini ne. Shekara ashirin suna gaisawa da babanki."

Na yi shiru na bar ta ta ɗauki laifin. Wannan shirun ya fi rashin shiga kafen muni, don a nan na san abin da nake yi sarai.

Malam ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarta. Ranar da suke loda kaya za su koma, ya kira ni ya ce, "Ki yi karatu, ɗiyata. Ke kam kina jin maganar manya." Ƙawata tana tsaye a bayansa riƙe da bokiti, ba ta ɗago ba.

Na yi ta faɗa wa kaina shekara ɗaya ce kawai, za ta sake rubutawa. Kafin lokacin ya zo, Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ce babba, jinya ta koma kanta. Ya rasu bayan shekara uku, yana ganin 'yarsa ce ta yi wasa da rabonta. Ba ta shiga jami'a ba. Yanzu tana tsaron kemis ɗin wani, tana miƙa magungunan da ta so ta koyi haɗawa. In na kira ta takan ɗauka, ta tambayi Inna, ta ce a gaishe ta, sai mu ajiye waya.

Abin da na koya, da tsada na koye shi, kuma ba ni na biya ba. In mutum ya auna hanyoyinsa ya zaɓi ɗaya, kana iya roƙonsa, kana iya yin kuka a gabansa, amma ba ka da ikon zaɓar masa a ɓoye ka ce so ne. Nawa son kai ne. Katin yana nan cikin ambulan ɗaya da takardar digirina, kuma duk ranar da aka ce in kawo takardar, shi ke fara faɗowa.