Akushin Zaurenmu

Inna mace ce mai camfi, kuma ban taɓa ɓoye mata cewa abin yana ba ni haushi ba. In ta yi tuntuɓe da ƙafar hagu a hanyar kasuwar Mallawa, sai ta juyo gida da gyaɗarta a ka. In tafin hannunta ya yi ƙaiƙayi, ranar har waƙa take yi, wai samu na tafe. In fatar idonta ta yi rawa sai ta ƙara gero a turmi, baƙo zai zo. Ni kuwa tun da aka kai ni lekol, makarantar boko, a Magarya, daga nan kwalej a Damagaram, bakina ya buɗe. Nakan ce, "Inna, dutse ne fa ya buge ki, ina ya san inda za ki?" Sai ta ce, "To Madam, Nasara ne ya faɗa miki?"

Shekarar da aka ɗebi soja a ƙasarmu sunan yayana ya fito, shi kaɗai namiji a ɗakinmu. Ina makaranta lokacin. Da na zo hutu na tarar da tsohon akushi kife a tsakiyar zaure, an ɗora masa dutse. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ba ni labari. Ranar da gardi, dogaran Nasara, suka zo tafiya da Yaya, ya fita ba takalmi, ƙafarsa ta dama ta bar sawu a rairayin zaure. Kafin kowa ya taka, Inna ta ruga ta rufe shi. A wurinta muddin sawun matafiyi yana gida, ƙafar da ta yi shi sai ta dawo.

Kowa ya koyi kewaye akushin nan, har Baba da awaki. Kullum da safe in Inna ta zo shara sai ta tsaya kansa ta ce, "Ka kwana lafiya?" sannan ta share gefe da gefe.

Hutuna na biyu ne, sama da shekara da tafiyarsa. Inna ta tafi kasuwar Guci. Na shigo da tulu a kai, na yi karo da dutsen, tulu ya fashe, farcen ƙafata ya tsage. Karo na uku ke nan. Na ture dutsen na ɗaga akushi. Ba wani abin kirki a ciki, sai yanar gizo da ramin tururuwa da ɗan lotsawar diddige. Babban yatsan kam yana nan sarai, karkatacce irin nasa. Na gan shi, na gane shi, na ɗauko tsintsiya duk da haka. Shara biyu na yi.

Da la'asar Inna ta dawo. Ta tsaya a zaure da kaya a kanta, ba ta sauke ba.

"Wa ya yi?"

"Ni ce. Inna, ƙasa ce kawai. Yaya yana bayan teku, ba ƙarƙashin akushi yake ba."

Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta durƙusa ta shafa wurin da tafin hannu, ta ɗauki akushinta ta shige.

Kwana tara bayan nan gardi ya zo da takarda daga ofishin kwamandan. Duk unguwar ni kaɗai ke karanta Faransanci, don haka ni aka miƙa wa, a cikin zauren nan. Zazzaɓi ne ya kashe Yaya a wata ƙasa da ko sunanta Baba bai iya maimaitawa ba. Da mata suka cika gida, Gwaggo ta ce da ƙarfi don in ji, "Ga abin da tsintsiyar ƴar boko ta jawo mana." Inna ta ce, "Ku bar ta." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Amma ni na ga kwanan watan da ke jikin takardar, na lissafa. Bayan sadakar uku na same ta a ɗaki tana tsince wake. Na baza mata takardar a cinya kamar za ta iya karantawa.

"Inna, dubi nan. Tun cikin azumi ya rasu. Wata biyu cur kafin in taɓa akushin nan. Takardar ce ta daɗe a hanya."

Na gaya wa kaina sauƙi na kawo mata. Ƙarya ne, kaina nake wankewa.

Ta ce, "Cikin azumi?"

"Cikin azumi."

"Ashe duk safiyar nan da nake gaishe shi, ba kowa." Ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce, "Ni ban riƙe ki da komai ba, ƴar nan. Na ce a raina ko ba komai na riƙe shi iyakar ƙarfina, yana da rai har ranar da aka share. Da kin bar mini wannan."

Tun daga nan Inna ta bar camfi. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan. Na ga ta yi tuntuɓe da hagu ta wuce abinta. Gwaggo ta zauna a dokin ƙofa, ko kallo ba ta ishe ta ba.

Ranar da zan koma Damagaram, kamyo, babbar motar da za ta kai mu, na jira a bakin kasuwa, na yi sallama da kowa. A zaure na duba ba mai ganina, na tuɓe takalmin dama, na danna ƙafata cikin rairayi sosai, har yatsu biyar suka fito. Na fita na laɓe bayan danga, ni da kwalej ɗina, ina sauraro ko zan ji an kife wani abu.

Na ji takunta. Ta ɗan tsaya. Sai na ji tsintsiya.