Asirin Malam Da Na Rufe

Ku tattaro hankalinku nan, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwa. Wannan ba tatsuniya ba ce. Abu ne da ya faru a tsakar gidana a Dingaya, kuma har a kai ni makwancina ba zan manta da shi ba.

Mai gidana, Malam, manomi ne, amma da sanin iyakar gonaki ya yi suna. In rigima ta tashi, shi mai unguwa ke aika wa. Ya je ya tsaya ya ce, "Daga gawon nan zuwa surin can na kakanku ne," magana ta mutu. Ba takarda. Kansa ne takardar.

To, sai kan nan ya fara yoyo. Ya ci tuwo ya wanke hannu, ya ce yaushe za a ba shi abinci. Ya sallaci la'asar sau biyu. Wata rana takalminsa na tsinta a cikin randa. Ni kaɗai na sani, don 'ya'ya duk sun watse, babban yana ɗinki a Birnin Kudu. Na kama bakina. A wajenmu tsoho in ya fara haka, wani ya ce gigin tsufa, wani ya ce sammu, yara kuwa su ce ya taɓu. Mutumin da ake kafa hujja da maganarsa, in bari a ce ya taɓu? In an zo kiransa shaidar gona, sai in ce ƙafa ce ta matsa masa. Shekara biyu ina wannan rufa-rufa.

Rannan da hantsi, bayan an gama girbi, mai unguwa ya yi sallama da baƙi biyu, namiji da mace, ma'aikatan lafiya. Suka ce ƙasar nan duka ake zagayawa ana tambayar tsofaffi, don a san yawan masu ciwon mantuwa da yadda za a taimake su, gidanmu kuma na cikin waɗanda aka zaɓa. Macen Kirista ce, ba 'yar nan ba, Hausarta da ɗan gargada, amma har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ba mai jin sirrinmu. Mai unguwa ya koma zaure ya zauna. Na ce a raina, yarinya, zana ba ta tare magana.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Na ɗauko ƙwaryar wake na zauna gefe kamar mai tsinta. Namijin ya buɗe wata waya mai faɗi ya ce, "Baba, yau wace rana ce?"

Malam ya ɗaga kai yana kallon ganye. Ni kuwa na kori kaza na ce, "Ci gaba da ɓarna, gobe Juma'a ke za a yanka."

"Alhamis mana, yaro," in ji Malam. "Ku a birni ba ku da ranaku ne?"

Aka yi dariya. Sannan ma'aikacin ya ce Malam ya riƙe masa sunan abu uku, ƙwarya, akuya, tsintsiya, zai waiwayo su. Da ya waiwayo, na ƙwanƙwasa ƙwaryata, na jefi akuya da tsakuwa. Malam ya kawo biyu. Ina jin kaina gwana, Allah Ya yafe mini.

"Baba, lissafo mana 'ya'yanka, daga babba."

Leɓen Malam yana motsi, ba abin da ya fito. Na yi farat na ce, "Haba ɗan nan, a ina aka haife ka? Uba ya kama sunan ɗan fari? Ai da kunya!" Mai unguwa daga zaure ya ce, "Gaskiyar Inna, ba a yi." Yaron ya ba da haƙuri ya wuce tambayar. Amma ni na ga idon Malam. Ba kunya ba ce. Nema yake, kamar mai laluben allura a rairayi.

Ashe ba ni kaɗai na gani ba. Macen ta ce in san mata ruwa, ta biyo ni har madafa. Ta rage murya ta ce, "Inna, tsakaninki da Allah, Baba yana mantuwa?"

Na ce, "Wa ba ya mantuwa? Ke kin tuna abin da kika ci shekaranjiya?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Uwata ta yi wannan ciwo. Ciwo ne, Inna, ba hauka ba, ba kuma aikin wani ba. Ban ce miki ana warkewa ba, amma ki kawo shi asibiti a duba. Kuma ki faɗa wa maƙwabta, kada a bar shi ya fita shi kaɗai."

Na ce, "Mai gidana lafiyarsa lau."

Ta ce, "Abin da kika faɗa, shi zan rubuta."

Da bazara ta kama, ana sharar gona, rana kamar ta dafa ƙwai, na shiga maƙwabta barkar haihuwa. Ban fi shan fura ba na dawo, Malam ba ya nan. Mutum nawa suka gan shi a hanya! Suka gaishe shi, ya amsa, suka wuce. Wa zai tare mutumin da ya san kowace 'yar hanya ta ƙasar nan? Wani mai mota ma ya rage masa hanya don girmamawa, da ya ce gida za shi, Unguwar Ya. Can aka haife shi, amma gidan ya daɗe da zama kango.

Sai yammacin kashegari wani makiyayi ya same shi a gindin dutse, ƙafafu sun kumbura, leɓe ya tsattsage don ƙishi. Aka kai shi asibiti a Birnin Kudu.

A nan babban ɗana ya tsaya a kaina, shi da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Inna, tun yaushe?" Na ce shekara biyu da ɗoriya. Mai unguwa ya cire hula ya riƙe, ya ce, "Baiwar Allah, ni ma fa na gan shi ya wuce. Da kin faɗa, wallahi da hannuna zan mayar miki da shi."

A kwana na uku na hango matar nan tana wucewa da fararen kaya. Na riƙe hannunta na ce, "'Yata, ƙarya na yi miki. Ki gyara takardar."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Inna, ta riga ta tafi."

Wato a lissafin ƙasar nan Malam yana cikin masu lafiya, kuma da bakina na sa shi.

Kwana tara ya yi. Bai gane kowa ba, amma in na ba shi kunu yakan ce, "Allah Ya yi miki albarka, baiwar Allah." Ranar Laraba da azahar ya cika. Allah Ya jiƙansa.

Babban ya yi wata uku bai tako gidana ba, sannan ya zo ya durƙusa muka yi kuka tare. Mai unguwa ya bi Malam bayan damina biyu. Matar, na ji an ce an mayar da ita garinsu. Ni ga ni nan, ina jiran tawa. Na gane ba kowane rufin asiri ne alheri ba, akwai wanda yake rufe mutum daga masu cetonsa. Shi ya sa na bi unguwa gida-gida na bar sallahu: duk ranar da kuka gan ni a hanya ni kaɗai, ko na ce muku na san inda za ni, kada ku ji kunyata. Ku kama bakin zanena ku mayar da ni gida.