Ozell da Jiƙaƙƙiyar Ƙwallo

Laba goma sha ɗaya da rabi Ozell Guillory ya zo da ita duniya, kuma mahaifiyarsa Verlene ba ta taɓa bari wani a garinmu ya ci rabin nan ba. In ka ce sha ɗaya sai ta ɗaga maka yatsa. "Da rabi," in ji ta. "Rabin nan ne ya kusa aika ni lahira."

Garin namu yana can kudancin Louisiana, tsakiyar gonakin shinkafa, inda zafi da laima ke sa mutum ya fito daga wanka ya fara neman wani wankan. A nan Ozell ya tashi yana ɗora buhuna a motar kawunsa. Yana shekara sha biyu ya wuce laba ɗari biyu, kocin ƙwallon Amurka na makaranta ya ƙare masa kallo sama da ƙasa, ya ce kada ma ya wahalar da kansa da gudu, ya je ya tsaya a katanga.

'Yan katanga su biyar ne, aikinsu su durƙusa a gaba su tare ƙartin abokan hamayya, don mai jifa ya samu sararin jifa, masu gudu su samu hanya, a buga sunayensu a jarida. Ozell ya yi wannan aiki a sakandare, ya yi shi a wata ƙaramar jami'a da ba a nuna wasanta a talabijin. Shekara goma sha ɗaya yana buga ƙwallo, ko sau ɗaya ƙwallon ba ta taɓa shiga hannunsa ana cikin wasa ba.

"Ni fa ban gane ba," Verlene takan ce a gaban jama'a. "Ɗan ƙwallo na haifa ko mai gadin ƙofa?"

Da lokacin zaɓen sabbin 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi ya zo, ta ɗora miyar gumbo a tukunya mafi girma a unguwar, maƙwabta suka cika falo gaban talabijin. Aka kira suna sama da ɗari biyu da hamsin, babu Ozell. Mutane sun fara laluben hulunansu ke nan sai wayarsa ta yi ƙara. Wata ƙungiya ce daga can arewa, ta ce ya zo sansanin atisaye a gwada shi.

Verlene ta kurma ihu har karen maƙwabta ya amsa. "Sun ɗauke shi! Jama'a, sun ɗauki ɗana!"

"Mama, ba ɗauka ba ce. Gwaji ne."

"Rufe min baki, ka ƙara shinkafa. Mutanen arewa ba su iya girki ba, ramar da kai za su yi."

Ya isa sansani da laba ɗari uku da goma sha huɗu da jaka ɗaya. Ranar farko ya zauna ya yi lissafinsa, don Ozell bai yarda da "wataƙila" ba. Mutum casa'in aka tara, hamsin da uku za a riƙe. 'Yan katanga su goma sha biyar ne, tara za a bari. Biyar masu fara wasa ba mai taɓa su, tsofaffin hannu uku ma kujerunsu a kafe suke. Saura kujera ɗaya, ƙarti bakwai suna hararta. Wanda bai samu ba ya koma gida, kuma gida a wurin Ozell buhunan kawu ne.

Koci Haskell, mai kula da katanga, gajeren mutum ne mai muryar da ta dishe tun kafin a haifi Ozell. Ya tara su bakwai ɗin ya gaya musu gaskiya.

"Ɗan katangata na tara sai ya iya buga tsakiya. In na tsakiyanmu ya karye ana cikin wasa, wani zai miƙa ƙwallo, ba ni ba. Wa ya taɓa yi?"

Prewitt ya ɗaga hannu, wani jibgegen saurayi daga babbar jami'a, wanda ya shekara biyu a tsakiya. Ozell ma ya ɗaga nasa, har ya fi na Prewitt tsawo.

"Kai Guillory, yaushe ka yi?"

"Gobe, Koci."

Haskell ya dube shi, ya dubi sama. "To. Mu ga goben."

Ozell bai ko cire hular kwano ba ya kira gida. "Mama! Kin san na tsakiya shi ne yake fara taɓa ƙwallo? Kowane karo! Kafin mai jifa, kafin kowa, sai ta bi ta hannuna!"

"Ka ce wallahi!"

"Ki gaya wa kawu. Ki gaya wa fasto. Ki gaya wa mai wanzami!"

Aikin a ido ba wuya. Na tsakiya ya sunkuya, mai jifa ya matso ta bayansa ya sa hannuwa biyu a ƙarƙashinsa, a ba da alama, ya cilla masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu ya miƙe ya tare wanda ke gabansa. Ozell ya kama wannan da wuri. Abin da lissafinsa bai hango ba shi ne zufa.

Duk ƙato yana zufa, amma ta Ozell daban take. Atisaye ɗaya yakan zubar da laba goma, an auna. A da ba wanda ya damu, don ba mai sa hannu a ƙarƙashin mai gadin gefen katanga irinsa. Yanzu kuwa ruwan yana gangarowa daga wuya ya bi baya ya taru a wando, daidai inda mai jifa ke ajiye hannunsa, sauran ya bi damtse ya wanke ƙwallon.

Colter Vance, babban mai jifan ƙungiyar, wanda hotonsa ke jikin motocin haya na birnin, ya karɓi ƙwallo uku daga Ozell. Ta ukun ta sulluɓe ta yi nata wuri. Ya ɗaga hannuwansa suna ɗiga.

"Koci! Ƙwallo aka ba ni ko tarwaɗa? Wa ya bar famfon nan a buɗe?"

Filin ya kece da dariya. Daga ranar sunan Ozell ya ɓata, sai Famfo. Vance ya goge hannu ya ce shi fa da wannan hannun yake ci da iyali, ba zai sake tsoma shi a rijiya ba. Haskell ya haɗa Ozell da Tisdale, mai jifa na huɗu, siririn yaro wanda shi ma ba a kira sunansa ranar zaɓe ba, don haka ba shi da bakin ƙin komai.

Ozell ya shiga neman magani gadan-gadan. Ya cusa tawul a wando, tawul ya ƙoshi kafin a gama ɗumama jiki. Ya cusa biyu, ya riƙa tafiya kamar agwagwa. Ya zazzaga hodar jarirai, ta zama kunu. Mai kula da kaya ya fara ware masa wando huɗu a rana, yana miƙo masa da sanda. Verlene ta aiko da kwalin garin sitaci ta gidan waya, da saƙon cewa da shi kakarsa ta raini 'ya'ya tara ba wanda ya yi ƙuraje. Ozell ya juye rabin kwalin a wando. Tisdale ya sa hannu, ya zaro, ya tsaya yana kallon yatsunsa.

"Famfo, kwaɓi ne wannan. A kawo mai kawai mu soya fanke."

Suka yi dariya har suka zauna a ciyawa. Amma da dariyar ta lafa Ozell ya tuna adadin: cikin kowace ƙwallo shida, ɗaya tana faɗuwa. Prewitt kuwa a bushe yake kamar allo.

"Ka ga, maza," in ji Tisdale, "kai ba za ka bushe ba har tashin duniya. Ni kuma ba wanda zai ba ni wani na tsakiyan. Mu bar neman bushewa, mu koyi kama ta a haka."

Kullum in an tashi atisaye, kowa ya nufi inuwa, su biyun sai su tsaya. Suka gano in Ozell ya juya ɗinkin ƙwallon ya faɗa daidai kan yatsun Tisdale, ya buga ta da ƙarfi cikin tafinsa, ya ƙara riƙe ta ƙiftawar ido ɗaya kafin ya saki, ba ta zamewa. Da abin ya fara zama, Ozell ya ɗauko bokitin ruwa suna tsoma ta don ƙarin mugunta. Ɗaya cikin shida ta koma ɗaya cikin ashirin, ta koma ɗaya cikin hamsin. Ba wanda ya lura. A wasannin gwaji biyu na farko Prewitt ne a tsakiya, Ozell yana gefe yana gadinsa na da.

Ranar wasan gwaji na ƙarshe, wanda daga shi sai sallama, aka wayi gari da hadari. Kafin a busa usur sama ta ɓalle. Manyan 'yan wasa suna gefe cikin rigunan ruwa, an bar filin ga masu neman kujera. Prewitt ya fara da mai jifa na uku. Yaron kirki ne, ya iya aikinsa, amma bai saba da ƙwallo mai santsi ba: sau uku tana faɗuwa tsakaninsu, biyu abokan hamayya suka kwashe. Haskell ya jefar da hularsa cikin taɓo.

Bayan hutun rabin lokaci ya juyo. "Famfo! Tisdale! Ku shiga, tunda dai ba abin da ya rage ya jiƙe."

Ozell ya sunkuya kan ƙwallon, ruwa na dukan bayansa. Tisdale ya matso ya sa hannu, sai ya fashe da dariya a tsakiyar fili.

"Mene ne?" in ji Ozell ta tsakanin ƙafafunsa.

"Yau ka fi kullum bushewa!"

Talatin da ɗaya suka miƙa, talatin da ɗaya suka shiga hannu. Ƙartin da ke gaban Ozell suna zamewa suna zagin ruwa, shi kuwa ji yake kamar yana gonar kawunsa. Da ya rage yadi ɗaya a ci, Tisdale ya karɓa ya manne a bayansa, Ozell ya sa kafaɗa ya tura mutum biyu har cikin gidan abokan hamayya, aka ci. Ya miƙe ya kama rawar da ba a taɓa ganin irinta ba, taɓo na tashi ta ko'ina, har alƙalin wasa ya ja da baya. A garinmu, an ce Verlene ta hau kan kujerar falo da ludayi a hannu, kujerar ba ta ƙara moruwa ba.

Talata ce ranar sallama. Akwai mutumin da ke bin ɗakunan masauki yana ƙwanƙwasa ƙofa. In ya ce koci na son ganinka, ka taho da littafin dabarunka, to ka haɗa jakarka. Ozell da Tisdale ɗakinsu ɗaya. Da hantsi aka ƙwanƙwasa. Suka dubi juna. Ozell ya buɗe.

"Tisdale," in ji mutumin.

Tisdale ya daɗe bai dawo ba. Da ya shigo ya faɗa kan gado ya ce an cire shi daga hamsin da ukun, amma za a riƙe shi cikin 'yan atisaye. "Ina nan, Famfo, ba ka rabu da ni ba. Kai kuma ka daina ɗiga a kafet, na ga Prewitt a ƙasa da jakarsa."

Ozell bai yarda ba sai da ƙarfe huɗu ta buga, aka rufe sallama, ƙofar ba ta sake motsi ba. Ya kira gida, amma ba abin da ya iya faɗa sai "Na tara! Mama, na tara!" Ita ma ba ta ji ba, don ta riga ta yar da wayar ta fita titi.

Washegari a fili yana ɗaura igiyar takalmi, sai ga Vance tsaye a kansa, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, fuskarsa kamar ta wanda za a yi wa allura.

"Koci ya ce in na tsakiyana ya karye, kai ne. Tashi ka nuna min abin nan da kuke yi da ɗinki."

"Yanzu, babban yaya? Ai ban fara zufa ba tukuna."

"Shi ya sa na ce yanzu. Sunkuya."