Ƙwaƙwalwar Jirgi a Aljihun Kawu

Jiya jirgi ya wuce ta saman Illela, na ɗaga kai, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Ni da ake cewa ina iya sa jaki dariya, tun rasuwarsa bara ban yi kuka ba, dariyar ma baki ne kawai ke yi.

Ɗansa mai gyaran na'urorin jirgi a Kano ya taɓa kawo masa wata 'yar baƙar aba da ta daina aiki, mai ƙafafu kamar shanshani. Aljihu ɗaya yake sa ta da goro, har ta ɗauki ƙamshinsa.

Shekarar da aka rufe boda na zo masa ina huci, na ce yau zan yanke zumunci da ƙanena kan iyakar gonarmu ta Tozai. Sai ya ɗora mini 'yar baƙar abar nan a tafin hannu. Sanyi ƙalau.

"Ka san mi ta wagga? Ƙwaƙwalwar jirgi. Ukku aka sa mai, in guda ta ruɗe, biyu su rinjaye ta. Kai taka guda ɗai ta, ta kuma yi zahi, da ita za ka tashi sama?"

"Kawu, tawa ai ta mutum goma ce."

"Duk goman mahaukata na. Zamna."

Na zauna. Ya aika aka kira ƙanen nawa, ya raba goro uku. Har yau tare muke noma gonar.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa yadda ya sanyaya ni a ranar.