Kwafi Ɗaya Tilo na Littafin Goggo

Har yau idan wani ya tare ni a hanya ya ce, "Malama, ina nawa kwafin?" sai in yi masa murmushi. Haka aka koya mana, amma Allah ya sani ba na alheri ba ne. Mutanenmu sun ɗauka duk wanda ya rubuta littafi yana da kwalaye jibge a ƙarƙashin gado, jira kawai yake a zo a kwashe kamar goron suna. Ni kuwa a lokacin da nake da bukata, kwafi ɗaya tak nake da shi, kuma ba nawa ba ne, na Goggo ne.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni a Gwandu bayan rasuwar mahaifiyata, har na yi aure na koma Kalgo inda nake koyarwa. Kaɗi ne sana'arta tun tana yarinya. Za ta zauna a bakin ɗaki ta miƙe ƙafa, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari, bakinta kuma ba ya hutawa. Ta san wace ce ta fi kowa zare mai laushi a unguwarsu, wace ce ke jiƙa abawa, zaren nan mai kauri, don ta yi nauyi a kasuwa, da yadda masaƙa suka yi ta raguwa har ta wayi gari babu mai sayen zarenta. Duk hutun makaranta sai in je in ajiye waya a gefen tabarma in bar ta ta yi ta zuba. Shekara uku ina wannan, ina rubutawa, har ya zama littafi.

Da na nemi madaba'a, sai aka ce sai dai in buga ɗaruruwa a lokaci guda, ni kuwa ba ni da ƙarfin haka. Wani abokin aikina ne ya nuna mini wata hanya. Akwai kamfanoni a intanet da za ka ɗora musu littafinka, ba za su buga ko ɗaya ba sai wani ya saya, sannan su buga masa nasa guda ɗaya su aika masa. Babu kwali, babu ajiya, babu asara. Na ji daɗin tsarin ƙwarai. Na sha fama da sabis ɗin Kalgo mai zuwa da komawa, na ɗora littafin, na sa hoton Goggo a bango da mazarinta a hannu.

Sai talla. Na watsa sanarwa a duk zauren waya da nake ciki, na dangi, na malamai, na tsofaffin 'yan ajinmu. Addu'a kam na sha ta. "Masha Allah." "Allah ya ƙara basira." Bayan addu'ar kuma sai, "A ajiye mini nawa." Masu ɗan wayewa suka ce in turo musu a waya su karanta. Na yi bayani har bakina ya gaji cewa ni ma sai na saya, babu wanda ya yarda. Wata ƙawata ma cewa ta yi rowa ta kama ni tun ban yi suna ba.

Duk wannan bai dame ni sosai ba, don mutum ɗaya na yi wa littafin. Ranar da na gaya wa Goggo an gama, sai ta ce, "Ke dai ki kawo min shi in riƙa ga hannuna. Ban iya bokonku ba, amma in na ji nauyinai na san maganata ta zamna." A lokacin ƙafafunta sun fara kumbura, ta daina fita ko tsakar gida.

Na sayi kwafi ɗaya. Kamfanin ba ya kai kaya garinmu, don haka aka aika Abuja wurin ɗan'uwan abokin aikin nan nawa, shi ya ba direba zuwa tashar Birnin Kebbi, ni na je na karɓo. Mako shida ya ɗauka. Ranar Alhamis ya shigo hannuna, na shirya zuwa Gwandu ranar Asabar. Da na san abin da zai faru da ko ƙofar gidana ban shiga da shi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yayan mijina ya biyo ta gidanmu kamar yadda ya saba. Yaya Alhaji muke ce masa, shi ne babba a gidansu, ɗan kasuwar albasa ne. Ni da zumuɗina na ɗauko littafin in nuna masa. Ya juya shi gaba da baya, ya auna shi a tafin hannu, ya ce, "Kai! Wanga aiki ya yi kyau. Ashe muna da marubuciya cikin gida ba mu sani ba."

A wurinmu idan babba ya yaba abinka, ba ka yin shiru. Sai ka ce nasa ne, shi kuma ya ce a'a, ya fi kyau a hannunka, ya sa albarka, kowa ya fita kunyar kowa. Tun ina ƙarama nake ganin haka a kan zane, a kan tunkiya, a kan agogo. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai naka na, Yaya."

Ya ce, "Madalla, Allah shi yi albarka," ya zura shi a aljihun babbar riga.

Na tsaya da murmushi a bushe a fuskata. Na dubi mijina, shi kuma ya dubi kwanon tuwo. Ina ji ina gani littafin ya fita ta zaure.

Ranar nan na yi faɗan da ban taɓa yi ba a gidan aurena. Na ce wa mijina ya bi shi ya karɓo. Ya ce, "Mi za ni ce mai? Ke kinka ba shi da bakinki." Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai. Ya ce in yi haƙuri kwana biyu Yaya ya karanta, sai ya san dabarar da zai yi. Kwana biyu suka zama goma. Na aika ta wurin matar Yaya Alhaji, a hankali, da lallami. Ta dawo mini da amsa tana sunkuyar da kai: "Ya ce wai littahi guda ɗai za a aiko a amsa? Ba tana da su kwali-kwali ba?" Ta ƙara da cewa ransa ya ɓaci. Ransa! Ni da aka ɗauke wa abu, ni ce kuma aka ce in je in ba da haƙuri. Na je na bayar, don a zauna lafiya, ban ƙara ta da maganar ba.

Na sake sayen wani, aka fara sabon lissafin makonni. Ana cikin haka aka kira ni daga Gwandu aka ce jikin Goggo ya yi tsanani. Na same ta kwance, ta rame, idonta dai ras. Tana ganina ta dubi hannuna, ba fuskata ba. Ba ni da abin da zan ba ta, sai na buɗe waya na nuna mata hoton bangon. Ta daɗe tana kallon kanta. Sannan ta ɗaga yatsan nan da ya shekara sittin yana murza mazari ta taɓa, hoton ya zame ya tafi, wani hoton biki ya maye gurbinsa.

Ta ce, "Ina ya tahi?"

Na dawo mata da shi. Ta sake taɓawa, ya sake gudu. Sai ta janye hannunta ta ce, "Wanga ai gilashi na, ɗiyata. Bari dai har na gaskiyan shi zo." Ba ta yi fushi ba, ba ta tambaye ni dalili ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana tara bayan nan ta rasu. Kwafi na biyu yana Abuja a lokacin, ana neman direba.

Ranar addu'ar uku na fito rakiyar malaman makarantarmu da suka zo mini gaisuwa daga Kalgo. Motoci sun cika ƙofar gida. Ta Yaya Alhaji tana dab da zaure, gilashi a sauke, shi yana kan tabarma cikin maza. Ina wucewa idona ya faɗa gaban motar. Ga littafin nan a ƙarƙashin gilashin gaba, tare da tsohon carbi da takardun mota. Rana ta gasa shi, bangon ya lanƙwashe, fuskar Goggo ta koɗe har ba a gane ta sosai. Ko shafin farko ba a buɗe ba. Makonnin nan duka yana nan yana yawo kasuwa-kasuwa, kuma na san motar nan ta bi ta Gwandu ba sau ɗaya ba. Sai yau ya iso ƙofar gidanta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zura hannu na ɗauke shi a gaban jama'a. Mijina ya miƙe tsaye bai san abin da zai yi ba. Yaya Alhaji ya dube ni, ya dubi littafin, ya ce, "Ashsha. Ai da kin yi magana."

Na ce, "Na yi, Yaya. Har haƙuri na ba ka."

Na shige cikin gida da shi. Ɗakin Goggo a buɗe yake, an naɗe shimfiɗar, kwandon audugarta yana nan a lungu da mazari a ciki. Na ɗora littafin a kai, na zauna a ƙasa. Sai a lokacin na lura yana da ɗan nauyi, daidai wanda za ta iya ɗagawa.