Shu'aibu da Wutar Ƙarƙashin Teku

Damina goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Shu'aibu, kuma har yau babu wanda ya taɓa tsayawa a kan kabarinsa. Ba rashin zumunci ba ne, kabarin ne ba shi da hanya. Allah Ya jiƙansa.

Mu 'ya'yan marina ne a Ƙofar Jatau. Baba ya so Shu'aibu ya gaje shi a bakin karofi, amma boko ya ja shi, ya karanta ilimin duwatsu, ya tafi ƙasar waje ƙaro karatu. A can ya shiga cikin masu binciken ƙarƙashin teku. Ni kuwa iyakata ajin yaƙi da jahilci, sai dai kunnena ba ya zubar da magana. In ya zo hutu sai ya kifa turmi ya zauna, ina tankaɗe yana ba ni labari.

Ya ce akwai duwatsu masu aman wuta a can ƙasan teku. Su uku ake rufewa cikin wani ƙarfe da bai kai ɗakin girkina ba, a zura su daga jirgin ruwa, su yi awa biyu suna nutsewa cikin duhu. A ƙasa ya ga dogayen bututu na dutse suna feso ruwa baƙi ƙirin kamar hayaƙi, mai zafin da zai narkar da dalma. Na ce, "Ai wannan ƙofar wuta ce, me ka je nema?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wurin cike yake da masu rai." Tsutsotsi da suka fi shi tsawo, kawunansu ja wur, ba baki ba ciki. Fararen ƙaguwa suna hawa kan juna. Rana ba ta taɓa leƙa su ba, abincinsu daga wani abu yake mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa daga ƙasa. Baba kaɗai ne bai yi mamaki ba. Ya ce ai ruwan baban rini ma haka yake, baƙi ne, yana wari, amma da ransa.

Akwai labarin da bai faɗa a gaban mahaifiyarmu Inna ba, ni ya faɗa wa. Wani wuri da suka bari maƙil da halittu, da suka koma sai suka tarar bututun ya toshe, babu abin da ke motsi, sai ɓawo fari fat a zube. Ya ce, "In wutar ta huce su mutu, in ta tashi su ƙone." Ranar ban ji daɗin tuwona ba.

Inna ba ta taɓa son aikin nan ba, amma ba ta hana shi. Sharaɗinta ɗaya ne: ɗanta ba ya barin gida da ciwo a jiki. Hutunsa na ƙarshe ya faɗo a tsakiyar damina, sauro ya yi yawa. Da safen da zai tafi na miƙa masa koko, hannuna ya taɓa nasa, na ji zafi rau. Ya riƙe ni ya ce, "Yaya, rufa mini asiri. In jirgin nan ya tashi ba ni, shi ke nan." Can Inna ta ja ni gefe ta ce, "Lafiyar yaron nan kuwa? Idonsa bai yi mini ba." Na ce rashin barci ne. Ta sa masa albarka, ya fita.

Ni da unguwa ta san ba na iya riƙe zance, ranar na riƙe. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma akwai abin da in ka haɗiye ba ya narkewa.

Takarda ce ta zo da labarin rasuwarsa. Zazzaɓin cizon sauro ya taso masa a tsakiyar teku, tsakaninsu da gaɓa tafiyar kwanaki. Wani Musulmi cikin ma'aikatan jirgin ya wanke shi ya yi masa salla, aka ɗaura masa nauyi aka sake shi cikin teku. Muka yi zaman makoki ba gawa. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara cin kifi ba, ko ƙamshinsa ba a kawowa kusa da ɗakinta.

Yau da zai leƙo, zai tarar an cike rabin karofin Baba an yi shaguna. Kwanakin baya kuma na ji a rediyo wai wasu kamfanoni suna shirin haƙar ma'adinai a irin wuraren da yake zuwa. Ya kan ce su baƙi ne a can, ba sa ɗaukar fiye da abin nazari. Me zai ce wa masu zuwa da injin haƙa? Ni dai ban ga alheri a tonon abin da Allah Ya rufe da ruwa da duhu ba. Kuma ƙanena yana kwance a can.

Abin da ya rage nasa bai cika akwati ba: hotuna, da wani baƙin dutse mai walƙiya. Sai labaransa da nake ba jikoki, har wasu na cewa su ma za su je, ni kuma in rasa ko in yi murna. Sai kuma Inna, da ta tsufa tana zargin kanta, tana cewa ita ce uwar da ta kasa gane ɗanta ba shi da lafiya. Ta gane sarai. Ni na rufe mata ido.

Na aika wa jarida da rubutun nan ne don in toshe wa kaina hanyar fasawa, domin abin da aka karanta a zaure da hantsi, kafin azahar ya shigo cikin gida. Ranar da zai fito, kafin mai jarida ya iso Ƙofar Jatau, zan shiga ɗakinta in durƙusa in faɗa mata da bakina. Ban san ko za ta yafe mini ba. Ku taya ni da addu'a.